Bayin Kan Tudu: Tarihin Bauta a Gundumar Buncombe

A shekarar 1784 wani Bature mai suna Samuel Davidson ya haura tsaunukan Blue Ridge, a yammacin jihar Karolina ta Arewa ta ƙasar Amurka, ya gangara kwarin kogin Swannanoa ya kafa bukkarsa ta gungumen itace. Ƙasar ta 'yan ƙabilar Cherokee ce, kuma ba su gayyace shi ba. Bai daɗe da sauka ba suka kashe shi. Matarsa ta ɗauki jaririyarta ta keta daji, tafiyar mil 16, zuwa sansanin Turawa da ke gindin dutse, inda garin Old Fort yake a yau. Su uku ne suka yi wannan gudu: matar, da jaririyar, da wata baiwa baƙar fata da Davidson ya zo da ita. Masu ba da tarihin yankin sukan ce gidan Davidson shi ne gidan Turawa na farko a wurin da daga baya ya zama gundumar Buncombe. In haka ne, to tun ranar da aka kafa wannan gida akwai bauta a cikinsa.

Duk da haka, an shafe shekaru masu yawa ana gaya wa yaran wannan yanki cewa bauta abin mutanen gangare ne, masu manyan gandayen auduga da shinkafa da rake. Mutanen tsaunukan Appalachia, in ji masu wannan zance, talakawa ne fararen fata masu noma da hannunsu, ba su san bawa ba, ba su kuma yi marmarin yaƙin kare bauta ba. Labarin ya yi ƙarfi ne bayan yaƙin basasa, lokacin da masu mishan da masu makarantu suke neman gudummawar kuɗi daga attajiran Arewa. William Goodell Frost, shugaban kwalejin Berea a jihar Kentucky, ya wallafa wata maƙala a 1899 inda ya siffanta mutanen tsauni a matsayin tsantsar jinin Ingilishi da suka tsaya da Tarayya, wato ɓangaren Arewa, a yaƙin. Hoton ya yi wa kowa daɗi, ya kawo kuɗi, ya kuma share baƙaƙen fata daga tarihin duwatsun kamar ba su taɓa taka wurin ba.

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a zancen. Auduga ba ta yi a kan tudu, sanyi ya yi mata yawa, damina ta yi mata gajarta. Ƙidayar 1860 ta nuna cewa a jihar Karolina ta Arewa gaba ɗaya, mutum ɗaya cikin kowane uku bawa ne, jimilla 331,059. A Buncombe kuwa, cikin mutum 12,654, bayi sun ɗan haura 1,900, kusan kashi 15 cikin ɗari. Masu mallakarsu ba su kai 300 ba. A maƙwabciyarta Madison, inda duwatsu suka fi tsauri, bayin ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, alhali a Burke, can gindin tsauni ta gabas, sun zarce kashi ɗaya cikin huɗu. To amma lissafi irin wannan yana ɓoye abu biyu. Na farko, mutum 1,900 ba ƙaramin taro ba ne a gundumar da babban garinta, Asheville, bai wuce mutum dubu ɗaya da 'yan kai ba a lokacin. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne su wane ne masu bayin nan, da abin da suke riƙe da shi.

Frederick Law Olmsted, wanda daga baya ya yi suna wajen tsara lambunan shaƙatawa, ya ratsa tsaunukan nan a kan doki a 1854 yana rubuta abin da ya gani. Ya lura cewa masu bayi a kan tudu galibinsu lauyoyi ne, da likitoci, da masu kantuna, da masu riƙe da muƙaman hukuma, noma kuwa sana'arsu ta biyu ce. Buncombe ta gaskata shi. Wanda ya fi kowa bayi a gundumar a 1860 lauya ne, Nicholas Woodfin, tsohon ɗan majalisar dattawan jiha, mai bayi 122. James W. Patton, ɗan kasuwa kuma mai masaukai, yana da 78. James McConnell Smith shi ke da otal ɗin Buck da gadar da ake biyan kuɗi kafin a haye kogin French Broad, kuma gidan bulo da ya gina wajen 1840 yana nan tsaye har yau, ana ce masa gidan Smith-McDowell. Waɗannan iyalai da danginsu su ke ba manoma bashi, su ke sayen masararsu, su ke zama a kujerun shari'a, su ake aikawa majalisa a Raleigh, babban birnin jihar, da Washington. Talakan da bai mallaki ko bawa ɗaya ba yana rayuwa ne a ƙarƙashin inuwarsu.

Abin da ya buɗe musu ƙofar arziki hanya ce. A 1828 aka kammala hanyar Buncombe Turnpike, mil 75, daga iyakar Karolina ta Kudu ta mashigin Saluda, ta ratsa Asheville, ta bi gaɓar kogin French Broad har iyakar Tennessee. Kowace kaka fatake daga Tennessee da Kentucky sukan koro dabbobi a ƙasa zuwa kasuwannin kudu: shanu, alfadarai, dawaki, talotalo, da aladu fiye da 150,000 a shekara. Garke ba ya wuce mil takwas zuwa goma a wuni, saboda haka zanguna suka tsiro a bakin hanya, kowane da shingen dabbobi da rumbunan masara da ɗakunan kwana. Wa ke noma masarar? Wa ke sassabe gangaren dutse, ya fasa itacen shinge, ya dafa wa fatake abinci, ya yi wa dawaki takalmi a maƙera? A manyan zangunan, bayi ne. Kuma a nan ne zaren ya ɗaure tudu da gangare, domin naman nan da ake korawa kudu shi ake ciyar da gandayen auduga da shi, don masu gandu su sami damar shuka auduga har bakin ƙofa. Buncombe ba ta shuka auduga ba, amma ta ci kuɗin auduga.

Hanyar ta kawo wasu baƙin kuma. Masu gandayen shinkafa na Charleston, masu gudun zafi da zazzaɓin cizon sauro, sun fara gina gidajen hutu a Flat Rock tun wajen 1827, lokacin wurin yana cikin Buncombe kafin a yanke gundumar Henderson a 1838. Sukan hauro da kekunan doki cike da kaya, bayinsu na biye. Wasu sukan sauka a otal ɗin Eagle na iyalin Patton a Asheville, wasu su wuce maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Warm Springs. Masu dafa abinci, masu wanki da guga, masu kai akushi teburi, masu tuƙa keken doki, har masu yi wa baƙi jagora zuwa farauta a cikin duwatsu, duk bayi ne. Sana'ar karɓar masu yawon buɗe ido, wadda Asheville take tinƙaho da ita a yau, a kan wuyan waɗannan mutane aka kafa ta.

Wanda yake da bayi fiye da aikin gonarsa sai ya ba da su haya. A farkon shekara ake ƙulla yarjejeniya, a kai mutum majema, ko injin tsaga katako, ko ramukan zinariya da aka gano a gundumomin Burke da Rutherford daga 1828, ko kuma aikin layin dogo da aka fara turowa daga gabas a shekarun 1850. Mai karatu zai iya tuna murgu na ƙasar Hausa, inda bawa kan yi sana'arsa ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu, sauran ya riƙe. A hayar shekara irin ta Buncombe ladan yana tafiya ne kai tsaye aljihun ubangiji, wanda aka ba haya kuwa ba shi da ta cewa ko da za a raba shi da matarsa da 'ya'yansa wata goma sha biyu. Wanda ya ɗauke shi haya kuma bai damu da lafiyarsa ta baɗi ba, shekara ɗaya ya biya, ita zai tatsa.

A ganina, babban abin da ya kamata a fahimta game da bauta a kan tudu shi ne bawa ajiyar kuɗi ne. A yankin da tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, banki ya yi nisa, ƙasa kuma ta yi araha, mutum shi ne kadarar da ta fi saurin komawa dala. Ana jinginar da shi a karɓi bashi. Ana ba da shi ga 'ya idan za ta yi aure. Ana rubuta shi cikin wasiyya tsakanin gado da tukunya da saniya. Idan maigida ya mutu da bashi, a ƙofar kotu da ke tsakiyar Asheville ake yin gwanjonsa.

Ga misali ɗaya da aka tabbatar. A 1856 wasu manoma 'yan ɗarikar Baptist suka kafa makaranta a Madison, gundumar da aka yanka daga Buncombe da Yancey a 1851, makarantar da ta zama jami'ar Mars Hill. An gama gini, kuɗin 'yan kwangila bai cika ba. Sai aka kama wani bawa mai suna Joe, mallakin ɗaya daga cikin amintattun makarantar, J. W. Anderson, aka kai shi kurkukun Asheville a matsayin jingina har a biya. Joe bai ci bashin kowa ba, bai sa hannu a takardar kowa ba, doka ma ta hana a koya masa karatu a makarantar da aka ɗaure shi dominta. Amintattun sun harhaɗa kuɗi sun fanshe shi, aka mayar da shi ga ubangijinsa. Sai a 1961, bayan fiye da shekara ɗari, makarantar ta karɓi ɗalibarta baƙar fata ta farko, Oralene Graves, wadda jinin Joe ce.

Haka abin yake a gidan su Zebulon Vance, ɗan siyasar da ya fi kowa suna a tarihin gundumar, wanda aka haifa a 1830 a kwarin Reems Creek. Gidan katako ne a tsakiyar duwatsu, irin wanda in ka gani sai ka ce na talaka ne, amma iyalin sun mallaki bayi har 18 a wani lokaci. Da mahaifinsa ya rasu a 1844, aka yi gwanjon dukiyarsa har da mutane. Mahaifiyar Vance ta sake sayen wasu, cikinsu da Venus, matar da ta yi renon yaran gidan. Sauran suka bi waɗanda suka fi tayi.

Yaya zaman yake ga wanda ke cikinsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma an yi sa'a muryar ɗaya daga cikinsu ta iso mu. A 1937, lokacin da gwamnatin Amurka ta aika marubuta su tattara bayanan tsofaffin bayi, an sami Sarah Gudger a Asheville. Ta ce shekarunta 121, ko da yake masu bincike suna ganin ba ta kai haka ba. Ta yi bauta a hannun iyalin Hemphill a wajen kwarin Swannanoa. Abin da ta faɗa bai yi kama da sassauci ba ko kaɗan. Ta ce ba ta san hutu ba: noma da fartanya, saran itace a kan dutse cikin ruwa da ƙanƙara, da dare kuma shiɓa da kaɗi har sai ido ya rufe, sannan a kwanta a kan tsummoki a ƙasa. Ta ba da labarin dillalan bayi da kan zo gona su tsaya suna kallo, su nuna wanda suke so, a yi magana da maigida, a buga wa mutum ankwa a wuce da shi ƙasar auduga, iyalinsa ba za su sake jin ɗuriyarsa ba. An raba ta da mahaifiyarta, aka kai uwar wani gida a Reems Creek. Ranar da labarin mutuwar uwar ya zo, ta je ta roƙi uwargida izinin ganin gawar kafin a binne. Uwargida ta kore ta, ta ce ta koma bakin aiki ko ta sha duka. Tsohuwa ce tukuf lokacin da take wannan bayani, amma zafin ranar bai bar ta ba.

Masana biyu ne suka fi tona wannan tarihi, kuma ba su yi daidai a kan komai ba. John Inscoe, a littafinsa na 1989 kan iyayengijin bayi na yammacin Karolina ta Arewa, ya nuna yadda tsirarun masu bayi suka riƙe tattalin arziki da siyasar yankin, ya kuma ga cewa yawan sana'o'i da zirga-zirga sun ba wasu bayi ɗan sarari da takwarorinsu na gandun auduga ba su samu ba. Wilma Dunaway, a nata binciken na 2003, ta ce akasin sassauci ta gani: ƙananan masu bayi sun fi saurin sayarwa idan bashi ya matse su, miji yana gida ɗaya mata tana wani, abinci da sutura sun yi ƙaranci, kuma tsaunukan sun zama wurin da ake kwasar mutane ana kai su kudu bayan an hana shigo da bayi daga Afirka a 1808. Ni dai na fi karkata ga Dunaway a kan batun iyali. Bawan da ke tuƙa keken doki daga Asheville zuwa Greenville yana iya ganin duniya, yana iya tara 'yan sulalla, amma hakan bai hana a sayar da 'yarsa kafin ya dawo ba. Kuma zama mutum biyu ko uku a gona ɗaya, a kwarin da maƙwabci mafi kusa yake bayan dutse, yana nufin kwana da tashi a ƙarƙashin idon ubangiji, babu taron 'yan'uwa da za a fake a cikinsa. Dokar jiha kuwa ɗaya ce a tudu da gangare: tun 1830 laifi ne a koya wa bawa karatu da rubutu, a 1835 kuma aka ƙwace ƙuri'ar baƙaƙen fata 'yantattu.

Da rikicin ɓallewar jihohin Kudu ya taso, manyan Buncombe sun san inda dukiyarsu take. Thomas Clingman, sanata daga Asheville, ya daɗe yana kare haƙƙin Kudu na riƙe bayi. Vance ya yi ta kare bauta a majalisar wakilai, ko da yake ya ƙi ɓallewa har sai da aka buɗe wuta a Fort Sumter a Afrilun 1861, Shugaba Lincoln ya nemi sojoji. Woodfin ya wakilci gundumar a taron da ya fitar da jihar daga Tarayya ranar 20 ga Mayu 1861. Vance ya zama kanar, a 1862 ya zama gwamna. Gaskiya ne akwai talakawan tsauni da suka ƙi yaƙin, suka gudu daga aikin soja, wasu suka biya da rayukansu, kamar mutum 13 da sojojin Kudu suka harbe a Shelton Laurel cikin gundumar Madison a Janairun 1863. Amma Buncombe ta aika 'ya'yanta da yawa fagen daga a ɓangaren Kudu. Yaƙin ma ƙara yawan bayi ya yi a kan tudu, domin masu gandayen bakin teku sun riƙa turo nasu can don kada su gudu wurin sojojin Arewa, ciniki da haya suka ci gaba. A masana'antar bindigogi da aka buɗe a Asheville, bayi suna cikin masu aiki.

Shelar 'yanci ta Lincoln ta 1863 ba ta hau dutsen ba sai da sojoji suka kawo ta. A ƙarshen Afrilun 1865, bayan Janar Lee na sojojin Kudu ya riga ya miƙa wuya, rundunar dawakin Arewa ƙarƙashin Janar Alvan Gillem ta iso Asheville, ranar 26 ga wata kuma sojojin suka wawashe garin. Ɗaruruwan bayi suka ɗaure ƙunshinsu suka bi sojojin zuwa Tennessee. Wasu samari suka shiga soja, cikinsu da George Avery, maƙeri, bawan William McDowell, surukin Smith mai gada.

Tsugune ba ta ƙare ba. Gyaran tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta a Disambar 1865, ya bar ƙofa ɗaya a buɗe: an yarda da aikin tilas a matsayin hukuncin laifi. Ta wannan ƙofa jirgin ƙasa ya shigo Buncombe. Layin dogon ya tsaya a gindin tsauni kusa da Old Fort, jiha ba ta da kuɗin 'yan ƙwadago, sai ta juya ga gidajen yari. Vance, wanda ya dawo gwamna a 1877, ya matsa a turo fursunoni. Dubbai aka kawo cikin shekaru, kusan dukkansu baƙaƙen fata, da yawa an ɗaure su ne a kan ƙananan laifuffuka. Da diga da shebur da nakiya suka huda duwatsu, har da ramin Swannanoa mai tsawon ƙafa 1,832, wanda aka ɓulle a Maris 1879. Aƙalla 139 suka mutu ta ruftawar ƙasa da cuta da sanyi da harbin masu gadi, aka binne su a gefen layi ba alama. Jirgi ya iso Asheville a Oktoban 1880, garin ya bunƙasa, otal-otal suka ninka. A Disambar 1882, can yamma a kogin Tuckasegee, kwale-kwale ya kife da wasu fursunonin da ke aikin ramin Cowee, 19 suka nutse da sarƙoƙi a ƙafafunsu.

Waɗanda suka zauna sun gina nasu. Isaac Dickson, wanda aka haifa cikin bauta, ya shiga kwamitin makarantun Asheville a 1887, ya kuma taimaka aka kafa cibiyar samari ta YMI a farkon shekarun 1890 da tallafin attajiri George Vanderbilt. George Avery ya dawo daga soja ya karɓi kula da maƙabartar da McDowell ya ware wa bayi a kudancin Asheville, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1938. Kusan mutum 2,000 ke kwance a wurin, amma kaburbura 93 kaɗai ke da dutse mai suna. Avery a kansa ya riƙe wanda ke ina, kuma yawancin wannan sani ya tafi da shi.

Sunayen da suka tsira, a ofishin rajistar filaye suka tsira, domin can ake rubuta cinikin mutum kamar yadda ake rubuta cinikin gona. Ɗalibai da malamai na jami'ar jihar da ke Asheville sun yi shekaru suna tsince su daga tsofaffin kundaye, a 2013 kuma magatakardan ofishin, Drew Reisinger, ya sa takardun a intanet don zuriyar bayin su nemi kakanninsu. Galibin takardun suna ɗauke da suna ɗaya ba na uba, da kimanin shekaru, da farashi. Wasu gundumomin jihar sun bi sahu daga baya.

A Yulin 2020 majalisar birnin Asheville ta nemi gafara a kan rawar da birnin ya taka a bauta da wariya, ta amince da shirin biyan diyya ta hanyar zuba kuɗi a gidaje da sana'o'i da lafiyar baƙaƙen fata, gundumar ta bi bayanta a watan Agusta. Hasumiyar dutse mai ƙafa 75 da aka gina wa Vance a ƙarshen ƙarni na 19, a dandalin da kotu take a da, inda ake gwanjon bayi, an fara rushe ta a Mayun 2021. Wata ƙungiyar masu kishin tarihin sojojin Kudu ta kai ƙara, shari'a ta kai har kotun ƙoli ta jiha, ta faɗi a 2024, aka kwashe ragowar gindin. Babban titin da ya taso daga dandalin har yanzu sunansa Patton, garin da ke maƙwabtaka da Asheville ta arewa kuma sunansa Woodfin.